LAFIYA UWAR JIKI: An Riga An Ga Ciwon, To Hoton Me Kuma?

Da niyyata in ci gaba da maganar hawan jini da muka faro a watan jiya, sai ga wasiƙa daga wata yarinya a Sabonjida. Na karanta ta sau biyu, na ga maganar hawan jini za ta iya jira, wannan kuwa ba za ta jira ba.

Ga taƙaitaccen abin da ta rubuto. Mahaifiyarta mai shekara 47 ce, tana sayar da hatsi a kasuwar Aboabo. Tun bara ta ji ƙullutu a nononta na hagu, ta yi shiru da bakinta saboda ba ya ciwo. Da fatar wurin ta soma kauri tana canja kama, sai 'ya'yanta suka matsa mata aka je asibiti. Aka ɗebi 'yar tsoka da allura, sakamako ya fito, aka ce ciwon daji ne, wanda wasu ke kira sankara. Dangi suka yi kukansu, suka share hawaye, suka haɗa kuɗin tiyata. Ranar da suka koma da kuɗin a hannu, sai likita ya ce ba yanzu ba tukuna, ya rubuta musu takardu: gwajin jini, hoton ƙirji da ciki na injin CT, da kuma hoton ƙashi idan hali ya yi. Nan fa kawun yarinyar ya fusata. Ya ce ai an san ciwon, an ga inda yake, da hannu ma ana taɓa shi, to hoton me kuma? Ya ce cin kuɗi ne kawai irin na asibiti, gara a ɗauke ta a kai ta ƙauye wurin mai magani. Yarinyar tana tambaya ko kawunta yana da gaskiya.

'Yata, tambayar kawunki tambaya ce mai kyau, kuma ba shi kaɗai ke yin ta ba. Amma amsar da ya ba kansa kuskure ce. Ku je ku yi hoton nan, cikin wannan mako in da hali. Sauran bayanin da zan yi, ki karanta masa shi a tsanake bayan ya ci abinci.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa mai rufin azara ya san halin gara. Wata rana za ka ga azara ɗaya ta rube, ka kira magini. Maginin kirki ba zai zare wannan azarar ya sa sabuwa ya karɓi kuɗinsa ya tafi ba. Sai ya bi sauran azarun ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana saurare, ya leƙa ɗakin da ke kusa, ya duba gindin bango. Dalili kuwa shi ne, idan garar ta tsaya a azara ɗaya, aikin yini guda ne. Idan kuwa ta riga ta bi bango ta shiga sauran ɗakuna, to canja azara ɗaya asarar kuɗi ce, wani aiki daban ake bukata. Abin da likitan mahaifiyarki yake yi ke nan. Allurar da aka yi ta gaya masa ko wane irin ciwo ne. Hoton da yake nema shi zai gaya masa ko ina ciwon ya kai.

Ciwon daji yana farawa ne daga ƙwayoyin halitta na jikin mutum kansa, waɗanda suka daina bin doka suka shiga hayayyafa ba tsayawa. Na nono yakan fara a hanyoyin da ruwan nono ke bi. Idan ya daɗe, wasu ƙwayoyin sukan ɓalle su bi hanyar ruwan jiki su sauka a 'ya'yan kaluluwa na hammata, irin kaluluwar nan da kan fito wa mutum a matsematsi idan ya ji rauni a ƙafa. Daga nan, ko ta hanyar jini, suna iya zarcewa nesa. Wurare huɗu suka fi sauka: ƙashi, huhu, hanta da ƙwaƙwalwa, kuma ƙashi ne kan gaba. Hannun likita yana iya taɓa nono da hammata, amma ba ya kaiwa cikin hanta ko ƙashin baya. Mace tana iya zama a rumfarta tana aune-aune lafiya lau alhali akwai ɗigo biyu ko uku a huhunta da ba su fara ba ta tari ba.

Likitocin duniya suna da ma'auni ɗaya da suke amfani da shi, daga Tamale har Landan. Wani likitan tiyata Bafaranshe, Pierre Denoix, shi ya tsara shi tsakanin 1943 da 1952, kuma haruffa uku ne za ku gani a takardar asibiti: T da N da M. Harafin T girman ƙullutun ne. Idan bai wuce santimita 2 ba, wato kamar tsawon ƙwallon dabino, sai a rubuta T1. Daga 2 zuwa 5, kamar goro, T2 ke nan. Wanda ya haura 5 shi ne T3. Wanda kuwa ya kama fata ko ya manne da bangon ƙirji, komai girmansa, T4 ne. Harafin N yana nufin kaluluwa, ko ciwon ya shige ta, da kuma guda nawa. Harafin M shi ne babban: M0 ciwo bai yi nisa ba, M1 ya sauka a wani sashe na jiki. Idan aka haɗa ukun sai a fitar da mataki, daga na 1 zuwa na 4. Na 1 ƙarami ne yana wurinsa. Na 2 ya ɗan girma ko ya taɓa kaluluwa kaɗan. Na 3 ya yi ƙarfi a yankin, ya kama fata ko kaluluwa da yawa, amma bai tsallaka ba. Na 4 ya tsallaka.

Mai karatu zai ce, to in an san matakin sai me? Ai magani gaba ɗaya a kansa ya rataya. A mataki na 1 da na 2 sau da yawa tiyata ake farawa da ita, kuma wani lokaci ƙullutun kaɗai ake cirewa a bar nonon, sa'an nan a bi da gashi na inji. A mataki na 3 yawanci ƙarin ruwan nan da ake kira kemo ake fara sa wa, na wasu watanni, don ciwon ya motse, sannan a yi tiyata, sannan gashi. A duka ukun nan abin da ake nema shi ne warkewa. A mataki na 4 kuwa yanke nono ba ya cire abin da ya riga ya zauna a ƙashi ko hanta, saboda haka ƙarfin aikin yana komawa ga magungunan da ke zagaya jiki duka. Ka ga ke nan idan aka yi wa mace tiyata ba a duba ba, ana iya yanke ta, a cinye kuɗin dangi, ta yi makonni tana jinyar rauni, alhali maganin da take bukata tun farko wani ne daban. Tunda yarinyar ta ce fatar nonon mahaifiyarta ta canja, ga dukkan alamu likita yana zaton mataki na 3 ne, yana so ya tabbatar bai kai na 4 ba kafin ya zaɓi hanya. Ko da hoton ya fito fes, kada ku yi mamaki in ya ce kemo za a fara ba tiyata ba.

Yanzu bari mu bi hotunan, don mutanenmu da yawa duk "hoto" suke ce musu, alhali kowane da aikinsa.

Akwai waɗanda ake yi wa nonon kansa tun farko. Mamogiram hoton haske ne da ake matse nono tsakanin faranti biyu na 'yan daƙiƙu. Akwai ɗan zafi, ba ƙarya, amma ba ya daɗewa. Nonuwan biyu ake ɗauka, don wani lokaci ana samun ƙaramin abu a ɗayan da ba a yi zato ba. Ranar da za a je kada a shafa hoda ko maganin warin hammata, saboda ƙurar tana fitowa a hoton kamar ɗige-ɗigen ciwo. Sai sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, wanda ba haske a cikinsa sam, sauti ne kawai. Yana da amfani ƙwarai ga matan da ba su manyanta ba, saboda nononsu yana da tauri mamogiram ba ya ratsa shi sosai, ga shi kuma a ƙasar nan ciwon yana yawan kama mata tun suna tsakanin shekara 40 da 50. Da sikanin ne kuma ake duba kaluluwar hammata.

Kafin in wuce, dole in taɓa maganar allura. Mun taso muna jin cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya haukace. Wannan magana ta hana mata da yawa zuwa asibiti. Abin da ke faruwa shi ne, mace takan zo bayan ciwo ya riga ya ci ƙarfinta, a yi mata allura, ta rasu bayan wata biyu, sai a ɗora wa allurar laifin da jinkiri ya yi. Ba hoton da ke iya rantsuwa cewa ƙullutu daji ne. Sai an ɗebi tsoka an duba ta da madubin likita. Daga tsokar nan ce kuma ake gane ko ciwon irin wanda ke cin abinci daga sinadarin mata ne, wanda ƙwaya irin tamoksifen ke yi wa aiki, ko kuwa irin mai alamar HER2, wanda ke da nasa magani na musamman. Ƙarfen da ya kamata a ji tsoro shi ne askar wanzami, wadda ke tsaga ƙullutu ta mayar da shi gyambon da ba ya rufewa.

Sai hotunan da ke duba sauran jiki. Mafi sauƙi da araha shi ne hoton ƙirji na yau da kullum, wanda asalinsa ya faro daga binciken Bajamushen nan Röntgen a 1895, tare da sikanin ciki don duba hanta. Su biyun suna kama ciwon da ya yi girma, amma ƙananan ɗigo sukan kuɓuce musu. CT ya fi su ido. Wani injiniya Baturen Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera shi, aka fara gwada shi a kan marar lafiya a 1971. Haske iri ɗaya ne da na hoton ƙirji, sai dai injin yana zagaya mutum yana ɗaukar jiki yanka-yanka kamar yadda mai shayi ke yanka burodi, likita ya bi kowane yanki da ido. Mutum yana kwanciya a kan gado, gadon ya shige cikin wani ƙaton zobe, a ce ya riƙe numfashi, cikin 'yan mintoci an gama. Yawanci ana sa wani ruwan rini ta jijiya don hanta da jijiyoyi su fito sarai. Idan ya shiga sai mutum ya ji ɗumi ya ratsa shi, har ya ji kamar fitsari ya kufce masa. Bai kufce ba, a kwantar da hankali. Saboda rinin nan ne ake fara gwada ƙoda, don ta nan yake fita. Mai ciwon suga da ke shan metfomin, mai asma, wadda wata allura ta taɓa tayar mata da ƙaiƙayi ko kumburi, da wadda ke zaton tana da ciki ko tana shayarwa, duk su faɗa tun kafin su hau gadon.

Hoton ƙashi nasa salon daban ne. Ana yi wa mutum allurar wani sinadari mai ɗan haske, teknishiyam, ya je ya zauna awa biyu zuwa huɗu yana shan ruwa, sinadarin ya bi jini ya taru a duk inda ƙashi ke fama da wani abu. Sai a ɗauki hoton jiki daga kai har ƙafa, wuraren su fito baƙi-baƙi. Ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk bayan awa 6, shi ya sa ba ya zama a jiki, shi ya sa kuma ba a iya ajiye shi a kanta kamar fanadol. Daga waje ake shigo da tushensa, kuma sashen da ya daɗe yana wannan aiki a ƙasar nan yana Kole-Bu a Ankara. Wannan ne ya sa likitan ya ce "idan hali ya yi". CT ɗin ƙirji da ciki da ƙugu yana nuna ƙashin baya, haƙarƙari da ƙugu, inda ciwon ya fi sauka, don haka sau da yawa likita kan iya yanke shawara da shi.

MRI kuwa maganaɗisu ne, ba haske. Yana da ƙara kamar injin niƙa, yana ɗaukar rabin awa ko fiye, kuma ba a shiga ɗakinsa da ƙarfe ko ɗaya: ɗan kunne, sarƙa, fil ɗin ɗankwali, jigida mai ƙarfe, har da layar da aka ɗinke da waya. An fi neman sa idan ana zargin ƙwaƙwalwa ko lakar baya. Akwai kuma PET, wanda masu 'yan'uwa a Turai da Amurka kan ji labarinsa su bugo waya su ce lalle sai shi. Hoto ne mai kyau, ana sa suga mai haske a jini, ƙwayoyin daji masu haɗama su zuƙe shi su bayyana. Amma yana da tsada sosai, kuma ga yawancin mata CT da hoton ƙashi sun wadatar. Kada wani ya sayar da fili saboda shi sai likitan da ke riƙe da marar lafiyar ya ce ana bukata.

To, a nan zan ba kawu gaskiyarsa, don yana da ita ta wani gefen. Ba kowace mace ce ke bukatar waɗannan manyan hotuna ba. Wani nazari da likitocin lardin Ontariyo na Kanada suka wallafa a 2001 ya duba matan da aka yi wa hoton ƙashi ba su da wata alama. A mataki na 1, kimanin 5 cikin 1,000 ne aka samu ciwon ya kai ƙashi. A mataki na 2, kimanin 24. A mataki na 3, kimanin 83. Saboda irin wannan ne a 2012 ƙungiyar likitocin daji ta Amurka ta shawarci 'ya'yanta da su daina yi wa mai ƙaramin ciwo da ba ta da wata alama CT ko PET ko hoton ƙashi. Hasken CT guda ya ninka na hoton ƙirji sau gommai. Bugu da ƙari, inji mai kaifin ido yana ganin abin da ba ciwo ba: tabon tsohon tarin fuka a huhu, ɗan ƙullin ruwa a hanta da aka haifi mutum da shi, tsohuwar karaya, ko ciwon gwiwa na tsufa. Kowane ɗaya sai ya jawo wani hoton, wani kuɗin, da makonni na fargaba, maganin gaske kuma yana jira. Don haka idan ƙullutun maƙwabciyarku ƙarami ne likita bai tura ta CT ba, ba sakaci ya yi ba. Idan kuma ya tura mahaifiyarki, ba haɗama ba ce. Abin takaicin shi ne mu a nan ƙananan ba su cika zuwa ba.

Ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta nuna cewa a 2022 mata kimanin 5,000 aka samu da wannan ciwo a Gana, fiye da 2,000 kuma suka rasu. Binciken da aka yi ta yi a manyan asibitocinmu yana nuna fiye da rabin matan suna isowa ne a mataki na 3 ko na 4. A ƙasashen da suka ci gaba, cikin mata 10 da aka samu da ciwon, 9 suna nan da rai bayan shekara 5, kuma babban sirrin shi ne da wuri suke zuwa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ma'auni uku ga ƙasashe: a kama aƙalla kashi 60 cikin 100 a mataki na 1 ko na 2, a gama duk bincike da hotuna cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma kashi 80 cikin 100 su kammala magani. Ku riƙe wannan kwana 60 ɗin. Hoto yana tsufa. Wanda aka ɗauka kafin azumi, idan ba a fara magani ba sai bayan babbar salla, labarin jiya yake bayarwa, likita zai ce a sake, a sake biya. Kuma marar lafiya tana da rangwame a kan azumi, kada a ɗaga ranar hoto ko ta kemo saboda shi.

Maganar kuɗi ba abin ɓoyewa ba ce. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa dokarta a 2003, ta ƙunshi ciwon dajin nono da na bakin mahaifa a cikin jerin abin da take ɗauka. Amma duk wanda ya yi jinya ya san manyan hotuna da wasu gwaje-gwajen tsoka sau da yawa daga aljihu suke fita. Abu na farko, a tabbata katin yana da rai, ana sabunta shi ta waya da lambar *929#. Na biyu, a je teburin inshora da ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti a tambayi abin da kati ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba, a kuma tambayi hanyar neman taimako daga asusun jinya da gwamnati ta kafa a 2025, wanda ake kira MahamaCares. Na uku, kuma shi ne ya fi muhimmanci, a gaya wa likita gaskiyar abin da ke hannu. Mutanenmu suna da wata kunya: a karɓi takarda a ce "to", a fita, ba a sake dawowa ba. Likita ba ya duba. Idan ka ce masa kuɗin CT ya fi ƙarfinmu, zai iya cewa a yi hoton ƙirji da sikanin ciki a fara magani, don hanya ce da aka yarda da ita inda hali ya gaza. Ya fi a ɓace wata uku ana jiran kwasar adashi. 'Yan'uwa da ke Kumasi da Ankara da ƙasashen waje, wannan ne lokacin turo momo. Kuɗin da za a kashe a sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, rabinsa ya isa hoto.

Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe a 1974 a matsayin asibitin yanki, shi ne inda ake turo masu irin wannan ciwo daga Yendi, Salaga, Walewale, Bolga, Bawku har Wa. Injin gashi kuwa a Kole-Bu aka fara kafa shi a 1997, sai asibitin Komfo Anokye na Kumasi a 2004, kuma shekara da shekaru mutanen arewa suna bin hanyar Buipe da Kintampo da Techiman saboda shi, tafiyar kusan kilomita 380 zuwa Kumasi. Duk wadda aka tura kudu, ta tafi da komai: fim ɗin hoton, faifan da aka ba ta, rahoton da aka buga, da sakamakon tsoka. A saka su a jaka ɗaya, a kuma ɗauki hoton kowace takarda da waya. Na sha ganin an yi wannan doguwar tafiya an bar takarda a ƙarƙashin katifa, aka sake hoto daga farko.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman mu mutanen zango. Iyayenmu mata da yawa Hausa da Dagbanci suke ji, likita kuma Turanci ko Tuwi. Sai a sa yaro ɗan makaranta ya yi tafinta, shi kuma kunya ta hana shi faɗin kalmar nono a gaban kakarsa, rabin maganar ya zube a ƙasa. A tafi da babbar mace mai jin Turanci, wadda marar lafiyar ta yarda da ita. Wadda ke jin nauyin namiji ya duba ta tana da ikon neman ma'aikaciya mace ta tsaya a ɗakin. Kuma a faɗa wa likita duk abin da jiki ke yi, ko da ana ganin bai shafi nono ba: ciwon baya ko ƙugu da ke hana barci, tarin da ya ƙi tafiya, haki, ciwon kai mai zuwa da amai, ido ya yi rawaya, rama. Waɗannan su ke nuna masa inda zai haska. Cikin gwajin jinin da ya rubuta akwai na hanta, kuma kada ku yi mamaki in ya haɗa da na ciwon hanta nau'in B, don yana da yawa a arewa kuma kemo na iya tayar da shi idan ba a ɗauki mataki ba.

Na san abin da ke ƙarƙashin fushin kawu, ko bai faɗa ba. Tsoro ne kada hoton ya nuna abin da ba a so. To idan ya nuna, ba a ce a naɗe tabarma a koma gida ba. Dajin nono da ya sauka a ƙashi har yanzu dajin nono ne, maganin nono ake ba shi, kuma akwai matan da suka yi shekaru suna shan ƙwaya ɗaya a rana suna zuwa kasuwarsu, suka aurar da 'ya'ya. Akwai allurar ƙarfafa ƙashi, akwai gashi na 'yan kwanaki da ke kashe zafin wuri ɗaya, akwai maganin ciwo mai ƙarfi. Idan an san ciwon yana ƙashin baya, ana iya tare shi kafin ya danne laka ya kwantar da mutum. Sai dai ina roƙon dangi abu ɗaya: kada a haɗa baki da juna a ɓoye wa mai jikin sakamakon. Matar da ta riƙe rumfa a Aboabo shekara da shekaru, tana bin bashi tana biyan bashi, ta fi ƙarfin a yi ta raɗa a bayanta. Tana da amanar mutane da za ta so ta warware, kuma ita za ta sha maganin.

'Yata, ranar da za ku koma da sakamakon, ki rubuta tambayoyi huɗu a takarda don kada su tsere miki a gaban likita. Mataki na nawa ne? Ya fita daga nono da hammata ko bai fita ba? Maganin da za a yi na warkarwa ne ko na riƙewa? Da me za a fara, kuma wace rana? Ki rubuta amsoshin a bayan takardar. Ki kuma roƙi kawunki ya raka ku ya shiga ɗakin da kansa, a nuna masa hoton a kan allo, ya yi wa likita tambayarsa baki da baki. Kuɗin tiyatar da kuka tara kuma kada a raba shi, a cire na hoton a ajiye sauran, don za a bukace shi.

Maganar hawan jini sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Masu wasiƙa su ci gaba da aikowa ta ofishin jarida kamar yadda aka saba, ba za mu buga sunan kowa ba.